Daga Randa Zuwa Firiza: Tarihin Sana'ar Kayan Sanyi a Gidajen Dutse da Kewaye



Gabatarwa

Na san da yawa daga cikinku da suka ji za a yi lacca a kan tarihi sun zaci za a ɗauko maganar sarautar Dutse, ko jihadi, ko yadda aka yi fafutukar neman jiha. Da na faɗa wa wani abokina cewa a kan ƙanƙara da askirim da fura mai sanyi zan yi magana, sai ya yi dariya, ya tambaye ni ko tarihin manya ne ya ƙare har muka dawo kan kwaɗayin yara. Ban ga laifinsa ba. Mu 'yan makaranta mun saba neman tarihi a fada da fagen fama, mun manta da cewa akwai wani tarihin a bakin murhu da zauren gida, wanda shi ne yake ciyar da yawancin mutane.

Abin da nake so in nuna muku yau abu uku ne. Na farko, sana'ar sayar da sanyi a wannan ƙasa ta girmi wutar lantarki nesa ba kusa ba. Na biyu, tun asali a hannun mata take, a cikin gidaje, kuma har ila yau a can mafi yawanta yake. Na uku, duk da daɗewarta, da wuya ka ga gida guda ya riƙe ta da suna guda har ta kai ga jikoki. Kuma wasu daga cikin dalilan haka suna hannun waɗanda suke zaune a wannan zaure.

Inda askirim ya fito

Bari mu fara leƙa waje, don mu sami abin da za mu auna kanmu da shi. Mutanen Farisa na dā suna gina rumbunan ƙasa masu kaurin bango, su tara ƙanƙara a cikinsu da hunturu, su riƙa ɗiba har bazara. A Indiya kuwa, zamanin sarakunan Mughal a ƙarni na 16, ana daskarar da madarar da aka dafa ta yi kauri, wadda suke kira kulfi. Sirrin da ya sa abin ya yiwu ba tare da inji ba shi ne gishiri. In aka barbaɗa gishiri a kan ƙanƙara, sanyin haɗin yakan sauka har wajen digiri 20 ƙasa da sifiri a ma'aunin santigiret, kuma wannan ya isa ya daskarar da madarar da aka tsoma mazubinta a ciki.

A ƙarni na 19 ne abin ya zama ciniki sosai. Wani ɗan kasuwar Boston ta Amurka mai suna Frederic Tudor ya fara yanko ƙanƙara daga tafkuna yana lodawa a jirgin ruwa. Ya kai ta tsibirin Martinique a 1806, a 1833 kuwa har Kalkata ta Indiya. A 1843 wata mata a Philadelphia mai suna Nancy Johnson ta yi rajistar wata 'yar na'ura da ake juyawa da hannu a kaɗa askirim. A shekarun 1870 kuma Bajamushe Carl von Linde ya ƙera injin sanyi mai aiki da iskar amoniya, wanda ya sa aka daina jiran hunturu kafin a sami ƙanƙara.

To, daga nan ne kantunan iyali suka samo asali, kuma wasunsu suna nan har yau. A kasuwar Hamidiyya ta birnin Dimashƙa akwai kantin Bakdash, wanda aka buɗe tun ƙarshen ƙarni na 19. A can da taɓarya ake kirɓa askirim, kamar yadda matanmu suke kirɓa fura. A birnin Cincinnati na Amurka akwai na iyalin Graeter, wanda ya faro a 1870. Da mai gidan ya rasu a 1919, matarsa Regina ce ta riƙe sana'ar ta bunƙasa ta, kuma har yanzu zuriyarsu ce take tafiyar da ita. Ku riƙe waɗannan misalai biyu a zuciya, za mu dawo kansu.

Sanyin da muka gada

Mu a nan Allah bai ba mu hunturun da yake daskarar da tafki ba. Abin da ya ba mu shi ne bazara, wadda a watan Afirilu zafinta yakan wuce digiri 40, da kuma busasshiyar iska. Kakanninmu kuwa sun san yadda za su sa wannan iska ta yi musu aiki. Randar ƙasa tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani; ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska tana busar da shi, yayin da yake bushewa kuma yana tafiya da zafin abin da ke ciki. Wannan shi ne dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, shi ne kuma dalilin da ya sa ake girke randa a kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Haka tulu yake, haka salkar matafiya take. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san wannan ilimi da hannunta, ko da ba ta san sunansa a littafin kimiyya ba.

Abincin sanyi na asali a ƙasar Hausa shi ne fura da nono, kuma tun 1851 da Bajamushen nan Barth ya iso Kano ya tarar fura ce abin shan matafiya. Ku lura da cewa sana'ar gidaje biyu ce ta haɗu a ƙwarya guda. Gero da citta da kanumfari da barkono na matar manomi ne. Ita take surfe, ta daka, ta cura, ta dafa, ta kirɓa, ta birkiɗa a gari. Nono kuwa na matar makiyayi ne. A al'adar Fulani shanu suna hannun maza, amma madara da abin da aka samu a cikinta haƙƙin mata ne. Ita take tafasawa ta kwantar da kindirmo, ko ta kaɗa ta cire man shanu ta kawo tsala kasuwa. Duk wanda ya je kasuwar Shuwarin, ko ta Kiyawa, ko ta Jahun, ya ga layin ƙore rufe da faya-fayi a gindin bishiya, to, ya ga kantin kayan sanyi mafi tsufa a wannan ƙasa.

Bayan fura akwai zoɓo, da kunun aya wanda ake haɗawa da dabino, da ruwan tsamiya, da garin kuka da ake damawa da nono. Dukkansu kayan gonarmu da dajinmu ne. Dutse ta yi suna da dabino tun da daɗewa, har a nan ne cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa ta kafa reshenta na binciken dabino. Zoɓon Jigawa kuwa har ƙasar Meziko ake kai shi.

Wani abin lura shi ne, yawancin wannan ciniki ba a rumfar kasuwa ake yinsa ba. Baturiyar Ingila Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 cewa akwai wata ɓoyayyar kasuwa a ƙasar Hausa, watau cinikin da matan kulle suke yi daga gida zuwa gida. Ba'amurkiya Enid Schildkrout kuma, da ta yi nata binciken a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa yara su ne ƙafafun wannan kasuwa: su ake aika sayen kayan haɗi, su suke ɗaukar talla, su suke dawo da ciniki. Saboda haka in muka ce za mu nemi kantin iyali a Dutse irin na Turai, mai allo a ƙofa da kujeru a ciki, za mu ce babu. Amma in muka leƙa tsakar gida, sai mu ga tun dā yana nan, allo ne kawai ba shi da shi.

Zuwan firji da keken askirim

Firjin farko da mutanen karkara suka gani a wannan yanki mai aiki da kananzir ne, a ɗakin shan magani inda ake ajiye allurai, ko a gidan wani Bature. Talaka bai ɗauke shi abin da zai taɓa mallaka ba. Ta fannin madara kuwa, Turawan mulki sun kafa cibiyar binciken dabbobi a Vom a 1924, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an sarrafa man shanu da cuku a can daga madarar Fulani. Amma abin da ya shiga gidajenmu ba wannan ba ne. Madarar gwangwani ce ta Peak, wadda aka fara shigo da ita daga Holan a 1954.

Askirim na kamfani ya shigo ne a kan keke. A farkon shekarun 1960 wani ɗan kasuwar Denmark mai suna Erik Emborg ya kafa kamfanin Fan Milk a Ghana da Nijeriya, masana'antar Nijeriya kuma tana Ibadan. Dabarar kamfanin ita ce kada ya jira mai saye: ya ba samari kekuna masu akwatin da ke riƙe sanyi, su bi ƙofar makaranta da tasha da filin ƙwallo. A hankali keken ya iso Arewa, har kalmar askirim ta zauna daram a bakin yara. Amma ku lura, da madarar gari da ake shigowa da ita daga waje aka kafa masana'antar, kuma tun 2019 kamfanin gaba ɗaya mallakar Danone ne na ƙasar Faransa.

Abin da ya sa firji ya shiga gidan ma'aikaci shi ne ƙarin albashin Udoji. Hukumar Udoji ta miƙa rahotonta a 1974, aka biya ma'aikata ƙari har da ariya, sai aka ruga sayen babur da rediyo da firji. Da farko abin ado ne. A falo ake girke shi, a shimfiɗa masa ƙyalle. Amma ruwa ba ya tsami banza. Da tattalin arziki ya karye, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, albashi ya daina kai wa ƙarshen wata, sai uwargida ta dubi abin adon nan ta ga ashe jari ne. Ta fara ƙulla ruwa a leda, sa'an nan zoɓo, sa'an nan tsamiya da madara da sukari. Azumin 1987 zuwa 1990 kuwa duk a tsakiyar bazara ya faɗo, mai ƙanƙara ta zama sarauniyar unguwa.

Dutse ta zama babban birni

A ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, aka sa Dutse ta zama babban birninta. Kafin nan hedikwatar ƙaramar hukuma ce. Ma'aikata suka kwararo, amma da yawansu suka bar iyali a Kano, suna zuwa Litinin suna komawa Juma'a, wasu ma kullum suke jeka-ka-dawo. Wannan ya shafi maganarmu ƙwarai, domin gwauro a ɗakin haya ba ya kafa sana'ar gida. Inda iyali suke, can firiza take. A zamanin Gwamna Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, an rarraba ma'aikatu zuwa wasu manyan garuruwan jiha. Da Gwamna Sule Lamido ya hau a 2007 ya dawo da su Dutse, aka gina sabuwar sakatariya da gidajen ma'aikata. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, a 2014 aka buɗe filin jirgin sama. Daga wannan lokaci ne garin ya sami abin da mai sayar da sanyi yake bukata: mutane masu albashi da suke kwana a gari, da ɗalibai masu ɗan canji a aljihu.

Yanzu bari in zana muku gida guda. Ba gidan wane ba ne, amma ina jin kowa a nan ya san irinsa, ko a Garu, ko a Limawa, ko a Takur. Kakar gidan fura take yi. Kayan aikinta turmi da taɓarya da tukunya da randa. Jarinta kwanon gero, wanda ribar jiya take sayen na yau. 'Yarta ta auri malamin makaranta, ta ɗauki adashi ta sayi tsohuwar firiza 'yar kwatano a Kano. Da dare ta ƙulla, da rana yara su ɗauka a kula su kai ƙofar firamare. Da wannan firiza ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da ita ta biya kuɗin jarrabawar na miji, alhali ba a taɓa rubuta sunanta a takardar kowace ma'aikata ba. Jikan kuwa ya yi difloma, ya jira aikin gwamnati bai samu ba, sai ya kama shago a bakin titi, ya sayi janareta da injin markaɗe, yana dama fura da yogot a kofin roba, yana karɓar kuɗi ta waya.

Ga tambayar da nake so ku yi tunani a kanta. Wannan gida ya shekara hamsin ko fiye yana sayar da sanyi. Me ya sa ba mu ce masa tsohon kanti ba? Domin kowane ɗaya daga cikin su ukun daga farko ya faro. Kaka ba ta bar wa 'yarta suna ba, uwa ba ta bar wa ɗanta jari ko littafi ba. Hannu aka gada, ba a gaji gida ba.

Malamin da ya koma ga randa

Kafin in amsa dalili, wajibi ne in ambaci wani mutum da wannan gari ya kamata ya riƙa tunawa, watau marigayi Malam Mohammed Bah Abba, wanda aka haifa a 1964 ya rasu a 2010. Ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa a nan Dutse, kuma ya fito ne daga gidan magina tukwane. A tsakiyar shekarun 1990 ya ɗauki ilimin randa ya ƙara masa mataki guda: ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa yashin, a rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle. A gwajin da ya yi, gauta da takan lalace cikin kwana 3 ta kai kwana 27, tumatir da barkono suka kai mako uku, alayyafon da ba ya wuce yini guda ya kai kwana 12. Da kuɗin aljihunsa ya sa magina suka yi tukwane 5,000 na farko, ya raba a ƙauyukan Jigawa. A shekarar 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex mai ɗauke da dala 75,000, a 2001 kuma mujallar Time ta sa tukunyar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekara. Dabarar ta kai har ƙasar Sudan.

Tukunyar Bah Abba ba ta daskarar da ruwa, ba a kuwa yin askirim da ita. Na kawo shi ne don dalili biyu. Ya nuna cewa da tsohuwar zuma ake magani. Sa'an nan ya faɗi abin da ya fi damunsa, watau 'yan matan da ake hana zuwa makaranta don su sayar da kayan gwari kafin su ruɓe. Ya gane cewa maganar sanyi da maganar karatun 'ya mace igiya guda ce ta ɗaure su.

Abin da yake kashe sana'ar

Na farko, wuta. Askirim ba kamar zoɓo ba ne. Kusan rabinsa iska ce da aka kaɗa a cikin madara, kuma sai an riƙe shi a digiri 18 ƙasa da sifiri dare da rana. In ya narke ya sāke daskarewa, iskar ta fita, ya yi tsakuwa-tsakuwa, ya kuma zama haɗari ga mai sha. Mun ga NEPA daga 1972, mun ga PHCN daga 2005, tun 2013 kuma rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa yana hannun kamfanin KEDCO. Sunaye sun sauya, amma mai firiza har yau da kunne guda take barci. Aka koma ga janareta, sai aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki. Wannan shi ya sa matanmu suka tsaya a kan ƙanƙarar leda: in ta narke, ruwa da sukari aka yi asara, ba madara ba. Ba rashin basira ba ne, lissafi ne.

Na biyu, lokaci. Kasuwar sanyi daga Maris zuwa Yuni take ci. Da damina ta ja baya, da hunturu ta kwanta. Azumi kuwa yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, yana kewaya shekarar rana cikin shekara 33. Daga 2020 zuwa 2024 ya faɗo cikin zafi, masu ƙanƙara suka sha ciniki. Yanzu ya doshi hunturu, zuwa 2030 a watan Janairu za a yi shi. Duk wanda ya ci bashi ya sayi firiza yana dogaro da cinikin azumin shekarun baya, to, ya sāke lissafi.

Na uku, aljihu guda. Kuɗin sana'a da kuɗin cefane a gwangwani guda ake zuba su. Yau biki, gobe suna, jibi asibiti, sai a wayi gari an cinye uwar kuɗi ana zaton riba ake ci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. In injin firiza ya ƙone ba a ajiye komai ba, sana'a ta ƙare ke nan.

Na huɗu, gado. In mai sana'a ta rasu, akan sayar da firiza da janareta a raba kuɗin, kowa ya sami abin da ba zai kafa komai ba. Alhali shari'a ba ta ce lalle sai an wargaza ba. Abin da ta wajabta shi ne kowane magaji ya san rabonsa ya kuma mallake shi. In magada suka yarda, suna iya barin dukiyar a haɗe su yi tarayya a riba. Alhaji Alhassan Ɗantata ya rasu a Kano a 1955, amma kasuwancin gidansa bai rasu tare da shi ba. Abin da ya riƙe kantin Dimashƙa da na Cincinnati ke nan: suna guda, da magadan da suka yarda kada a raba turmi.

Na biyar, madara. Abin kunya ne a ce jihar da take da kasuwar shanu irin ta Maigatari, yawancin yogot da askirim da ake sha a babban birninta da madarar gari ta ƙasashen waje ake yinsu. Tun da Cowbell ta fito da madarar gari a ƙananan ƙulli a 1993, ta fi sauƙin samu da ajiyewa. Madarar ruga kuwa da damina tana yawa har ta lalace, da rani ta yi ƙaranci, kuma babu wurin sanyaya ta tsakanin ruga da gari. Ita Bafulatanar da ta kafa wannan sana'a, ita aka fara turewa gefe.

Na shida, tsabta. Mutane da yawa suna zaton ƙanƙara tana kashe ƙwayoyin cuta. Ba ta kashewa, ajiye su take yi. A annobar kwalara ta 2021 an ƙidaya sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, Jigawa kuma tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ruwan da za a daskarar sai an tafasa shi ko an sa masa magani. Madara kuma sai ta yi minti 30 a zafin digiri 63, ko a tafasa ta kamar yadda ake yi wa kindirmo. Hura leda da baki kafin a zuba zoɓo ɗabi'a ce da ya kamata a daina yau. Suna shi ne babban jarin gida, kuma yaro guda da ya kwanta ya isa ya ƙone shi.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ku ma'aikata, sau nawa matar da take da firiza guda take ganin jami'in gwamnati? Sai ranar karɓar haraji, ko ranar kama kaya. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. An kafa hukumar NAFDAC a 1993 don kare lafiyar jama'a, kuma aikinta wajibi ne. Amma sharuɗɗan da aka tsara don masana'anta sun fi ƙarfin mai tsakar gida. Ma'aikatar ciniki da ta lafiya da ƙananan hukumomi suna iya haɗa irin waɗannan mata cikin ƙungiyoyin gama-kai, a yi musu ɗakin sarrafawa guda mai tsabtataccen ruwa da firiza mai aiki da hasken rana, su nemi rajista tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka nan wurin tara madara mai sanyi a kusa da rugage zai amfani makiyayi da mai shago gaba ɗaya. Malamin tsabta kuma ya shiga gida da niyyar koyarwa kafin ya shiga da takardar tara.

Maganar talla kuwa, kada mu yaudari kanmu. Ba za a hana ta da doka kaɗai ba, muddin yarinya ita ce kaɗai hanyar da kayan uwarta za su kai ga mai saye. In akwai taga a zaure, ko ɗan shago da babba yake tsarewa, ko waya da ake yin oda, sai mai saye ya zo da ƙafarsa, yarinya ta tafi aji.

Ku ɗalibai, da yawa daga cikinku ƙanƙarar leda ce ta biya muku kuɗin rajista, ko da ba ku faɗa wa abokanku. Kada ku ji kunyarta. Mai karatun akanta ya saya wa mahaifiyarsa littafi ya ware mata jari da riba. Mai karatun kimiyya ya gwada yadda za a yi askirim da dabinon Dutse da aya da kindirmo. Mai karatun shari'a ya zaunar da 'yan'uwansa ya bayyana musu yadda ake tarayya da rajistar sunan kasuwanci. Mai karatun tarihi kuwa ya ɗauki na'urar ɗaukar magana ya je wurin kakarsa tun tana da rai, ya tambaye ta wa ya koya mata fura, nawa take sayarwa, wace shekara ta fara ganin ƙanƙara. Babu wani kundi a Kaduna ko a Landan da ya ajiye wannan. In ta tafi, ya tafi.

Kammalawa

Jama'a, na fara da randa, na bi ta keke da firji, na tsaya a shagon bakin titi. Hausawa suna cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. A wannan sana'a dai uwa ce take da abin gado, kuma abin da ya rage mana shi ne mu sa ya zama abin da za a iya gada: a ba shi suna, a rubuta lissafinsa, a tsare tsabtarsa, a bar shi a haɗe. Fatana shi ne wata rana wani malami ya tsaya a wannan zaure ya ba da tarihin wani kanti guda a Dutse, ya ce kakar kakarsu ce ta kafa shi da kwanon gero.